Walƙiya Takwas a Sakan Ɗaya

Hayar sifiku da fitilu ce sana'ata a Ƙanƙara. Bikin aure, walimar sauka, yaye ɗalibai, taron 'yan siyasa idan kakarsu ta kama, duk wanda ya kira sai mu ɗora kaya a mota mu tafi. A da har Sheme da 'Yankara da Faskari muke kaiwa, wani lokaci mu gangara Sabuwa mu kwana. Tun da 'yan bindiga suka hana hanyoyin ƙasar Pauwa sakat, musamman bayan daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu, sai harkar ta tsuke. Biki ya koma cikin gida. A kafa rumfa a tsakar gida, a fara bayan magariba, a tashi da wuri kowa ya rufe ƙofarsa. Wuri ya zama ƙarami, duhu ya yi yawa, jama'a a matse, yara kuma kullum su ne a gaba, dab da bakin fitila.

A irin wannan wuri na jawo wa ɗiyar mutane faɗuwa da hannuna, sannan na ja bakina na yi shiru aka ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ba za a gane girman abin da na yi ba sai an san yadda fitilun nan suke aiki, don haka sai mai karatu ya yi haƙuri da ni kaɗan.

Kusan duk fitilar dandamali ta zamani, ta Landan ce ko ta kasuwar Sabon Gari a Kano inda na sayo nawa, yare ɗaya take ji, wanda ake kira DMX512. Ƙungiyar masu fasahar wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ita ta fito da shi a 1986 domin kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Waya ɗaya ce take fita daga kwamfuta ta shiga fitilar farko, ta fito ta shiga ta biyu, har ta kai ta ƙarshe. Tana ɗauke da tashoshi 512, kowace tasha kuwa lamba ce kawai daga 0 zuwa 255, ana sake aiko da lambobin nan kusan sau 44 a kowane sakan. Tashar ƙarfin haske idan tana kan 0 fitila a mace take, idan ta kai 255 ta ba da iyakar abin da take da shi. Haka tashar ja, da ta kore, da ta shuɗi. Fitila mai juya kai tana da ƙarin tashar da ke juya ta hagu da dama, da wadda ke ɗaga ta sama ta sunkuyar da ita ƙasa.

Mai fitila yana iya tura lambobin nan da yatsunsa, ko ya tsara su mataki-mataki ya ajiye. Amma akwai hanya ta uku, wadda ita ce ta sa na ƙaunaci aikin. Sai ka ce wa manhaja ta riƙe wata tasha ta riƙa hawa da sauka da lambarta ita kaɗai, ba tsayawa. Ni da yarana kai-komo muke ce masa. Masu kayan kiɗan lantarki ne suka riga amfani da dabarar wajen sa sauti ya riƙa rawa, daga baya masu fitila suka ɗauka. Yau kusan babu manhajar fitila da ba ta da shi, daga manyan tebura irin su grandMA da Avolites da ake kai wa filayen wasa, har zuwa QLC+ da ake saukewa kyauta a intanet.

Abu huɗu kake gaya wa kai-komo. Siffarsa: ko ya hau a hankali ya sauko a hankali, ko ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya bi ta tsakiya ba, ko ya hau sannu ya faɗo gaba ɗaya. Faɗinsa: daga wace lamba zuwa wace lamba. Saurinsa: zagaye nawa a sakan. Sai tazara, wato inda kowace fitila za ta kama zagayen. Wannan ta ƙarshe ita ce gishirin aikin. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya san ta: saurin kowace ɗaya ne da na 'yar'uwarta, amma taɓarya ba ta haɗuwa da taɓarya, wannan na sauka waccan na tashi, shi ya sa dakan yake zama kiɗa. Zagaye ɗaya digiri 360 ne. Idan kana da fitila takwas ka ba kowace tazarar digiri 45 daga ta kusa da ita, sai ka ga haske yana tafiya daga wannan gefen rumfa zuwa wancan, alhali babu fitilar da ta motsa daga inda aka ɗaure ta. Idan kuwa ka bar tazarar a kan sifili, duk takwas ɗin tare za su kama, tare za su mutu.

A kan mai juya kai abin ya fi ban sha'awa. Ka sa kai-komo ɗaya a tashar hagu da dama, ka sa wani a tashar sama da ƙasa, saurinsu ɗaya, ka raba su da digiri 90, sai hasken ya zana da'ira a bango. Ka ninka saurin ɗaya, sai ya zana lamba 8. Ka canza rabon ya zama biyu da uku, sai wani zane mai sarƙaƙiya ya fito. Wani masani Bafaranshe, Jules Lissajous, ya nuna zanen nan tun wajajen 1857 da madubai da ya manna a jikin ƙarafa masu rawa ya haska musu fitila, har yau kuma da sunansa ake kiransu a cikin manhajoji. Fitilun da kwamfuta ke juyawa kuwa sai a 1981 duniya ta fara ganinsu sosai, lokacin da mawaƙan Genesis suka fita da na kamfanin Vari-Lite a Basalona. Ranar da na fara zana da'ira da fitilata a bangon shago, na daɗe a tsaye ina kallo, ina jin cewa ɗan Ƙanƙara ma ya sa hannu a wani ilmi mai tsawon tarihi. Har gobe ina jin haka, kuma ba na son abin da zan faɗa ya sa wani yaro ya guji koyon aikin.

Mu koma ga abin da ya faru. Abokan wani ango ne suka zo shago kafin bikinsa. Suka ce sun ga aikina a wani gida, yana da kyau amma ya yi sanyi. Sun je wani biki a wani gari inda mai fitila ya riƙa sakin walƙiya har ka ga masu rawa kamar ana yanka motsinsu gunduwa-gunduwa, irin wannan suke so idan an zo liƙi. Maganar sanyin nan ta sosa mini rai. Ban ce musu komai ba sai "an gama".

Da suka tafi na zauna na haɗa maɓalli na musamman. Na buga saurin waƙar da DJ zai sa, ta ba ni bugu 120 a minti. Na ɗaura kai-komo a kan wannan bugun, na ga bai kai zafin da nake so ba, na ninka shi biyu, na sake ninkawa. Siffa na zaɓi mai tsalle. Faɗi na buɗe shi duka, daga 0 zuwa 255. Tazara na mayar da ita sifili domin fitilu takwas su buga tare. Launi na sa ja tsantsa, saboda ja ya fi cika ido a hoto. Lissafin da ban tsaya na yi ba, ɗan firamare ma zai yi shi: bugu 120 a minti bugu biyu ne a sakan, biyu sau huɗu kuma takwas. Walƙiya takwas ke nan a kowane sakan. A allon kwamfuta abin da na gani shi ne ɗan ƙaramin akwati yana ƙyaftawa da alamar ninki huɗu a gefensa. Na gwada da fitila ɗaya, da rana tsaka, ƙofar shago a buɗe, hasken rana ya shanye rabin ƙarfinta. Na ce ya yi.

Daren bikin taron mata ne. An shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba, tsakaninsu da sandunan fitila bai fi taku uku ba. An ɗauke wuta a unguwar, sai injinmu kaɗai ke ƙara, don haka bayan fitiluna babu wani haske a gidan. Da amarya ta fito aka fara liƙi, abokan ango suka ɗago mini hannu daga bakin ƙofa, na danna maɓallin. Guɗa ta tashi. Idona yana kan allo, ina shirya abin da zai biyo baya, ina jin daɗin ihun da ake yi.

Ban san lokacin da ihun ya sauya ba. DJ ne ya fara ganewa ya kashe kiɗa. Fitila kuwa ba ta tsaya ba, domin kai-komo ba kiɗa yake saurare ba, agogon kwamfuta yake bi, kuma zai ci gaba da bugawa har man inji ya ƙare idan ba a tsayar da shi ba. Mata suna salati, gida yana ja yana baƙi, yarinya 'yar shekara goma sha uku tana kwance a kan tabarma jikinta yana fizga. Da na farga, sai na danna maɓallin da ke kashe komai, na jefa gidan cikin baƙin duhu a daidai lokacin da aka fi bukatar gani. Da fitilun waya aka kewaye ta. Wata ta danne mata ƙafafu, wata ta nemo cokali tana ƙoƙarin cusa mata a baki, wasu suka janye 'ya'yansu suna cewa kada miyau ya taɓa su. Bayan ɗan lokaci jikin ya saki, aka ɗauke ta aka shiga da ita ɗaki.

Kafin mu gama naɗe wayoyi an riga an yanke hukunci. Iska ce ta taɓa ta. Wata tsohuwa ta ce dama ina dalilin fito da budurwa cikin kiɗa da almuru ba tare da tsari ba, ta dubi uwar yarinyar. Wata ta yi ƙasa da murya ta ambaci kishiya. Ni kuwa a lokacin idanuna suna yi mini zugi, kaina yana sarawa, kuma wani abu a zuciyata yana gaya mini cewa faɗuwar nan da maɓallin nan ba su rasa nasaba ba. Na karɓi cikon kuɗina, na ce Allah ya ba ta lafiya, na tafi. Abin da na lissafa a hanya shi ne, idan aka ce fitilar wane tana kayar da yara, babu mai sake kirana daga nan har Ƙetare.

Garinmu ba shi da girman da labari zai ɓace. Na ji an ware mata kofi da kwano. Na ji ta daina zuwa islamiyya saboda sauran yara suna tashi daga inda ta zauna. Na ji uwarta ta sha magana a dangi, har ta kai ba ta gaisawa da abokiyar zamanta. An kai ta wurin masu magani an kashe abin da aka kashe. Duk wannan yana zuwa kunnena ina ci gaba da zuwa bukukuwa. Abin da kawai na yi shi ne na daina taɓa maɓallin, wanda ke nuna cewa na sani, ko da ban yarda na faɗa wa kaina ba.

Wata rana na sayo sabuwar fitila, ina neman jadawalin tashoshinta a 'yar takardar da ke cikin kwali, sai idona ya faɗa kan gargaɗi da Turanci a shafin farko: hasken walƙiya yana iya tayar da farfaɗiya. Irin takardar nan ta sha zuwa hannuna, jadawalin kawai nake dubawa in yar. Na ɗauke ta na tafi wurin wani abokina malamin asibiti, na ba shi labari tun daga farko. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, abin da ya rage kuma na bi na karanta da kaina.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, inda saƙonnin lantarkin da ke cikinta suke rikicewa su tashi gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan sun sami magani daidai. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko kofi, ko zama wuri ɗaya. A cikin masu ita akwai kaɗan, kamar uku zuwa biyar a cikin ɗari, waɗanda haske mai ƙyaftawa ke tayar musu da ita. An fi samun wannan a yara da matasa, kuma ya fi yawa a mata. Da yawansu ba su san suna da shi ba sai ranar da suka gamu da hasken. Saurin da ke da haɗari yana farawa daga walƙiya uku a sakan har zuwa talatin da ma sama, mafi muni tsakanin 15 da 25. Abin yana ƙaruwa idan bambancin haske da duhu ya yi yawa, idan hasken ya cika wa mutum ido, idan kuma launin ja ne tsantsa.

Duniya ta koyi wannan da tsada. Ranar 16 ga Disamba 1997 gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na zanen yara na Pokémon, inda ja da shuɗi suka riƙa musanya kusan sau 12 a sakan na 'yan sakanni kaɗan. Mutum 685, galibinsu yara, aka kwasa zuwa asibiti a daren. A 2007 ma sai da aka janye wani bidiyon tallar wasannin Olamfik na Landan bayan an sami rahoton ya kayar da mutane. Saboda irin wannan haɗari ne ƙa'idar gidajen talabijin na Ingila da ta masu tsara shafukan intanet ta tsaya a wuri ɗaya: kada walƙiya ta wuce uku a cikin sakan ɗaya, a kuma yi hattara ta musamman da ja. Da na jera wannan kusa da maɓallina, sai na ga babu sharaɗin haɗari ko ɗaya da na bari ban cika ba. Sauri takwas, faɗi duka, ja tsantsa, duhu, yara a taku uku, fitilu takwas suna bugawa tare ta yadda duk inda yarinya ta juya ido abu ɗaya za ta gani.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masu sana'armu su sani. Tsofaffin fitilu masu zare a cikin ƙwai, zaren sai ya yi zafi kafin ya haska, sai ya huce kafin ya mutu, don haka ko ka umarce su da tsalle, su da kansu suke tausasa shi. Fitilun LED da muke amfani da su yanzu ba su da wannan jinkirin. Abin da lamba ta ce shi suke yi nan take. Kariyar da tsohon ƙwai yake bayarwa ba tare da an roƙe shi ba, yanzu sai mai fitila ya sa ta da hannunsa.

Na nemi yayana ya raka ni wurin mahaifin yarinyar. Muka same shi a zaure bayan la'asar. Da aka gama gaisuwa na ce, "Baba, na zo ne a kan rashin lafiyar ɗiyarka. Ina da hannu a ciki." Na yi masa bayani iyakar iyawata, na nuna masa takardar, yayana yana ƙara fassara masa inda na sarƙe. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Yaro, tun yaushe ka san haka?"

Na ce, "Tabbaci kwanan nan na samu, Baba. Amma zargi tun daren nake da shi."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Faɗuwa Allah ya ƙaddaro, kuma ba da gangan ka yi ba, na yafe wannan. Amma ka san abin da uwarta ta sha? Ka san abin da aka ce da abokiyar zamanta? Ni ba ni ke da wannan yafiyar ba. Gobe ka dawo, zan tara su, ka faɗa da bakinka yadda ka faɗa mani."

Na dawo. Na tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, mata suna daga ciki, har da tsohuwar da ta fara magana a daren. Na faɗa. Uwar yarinyar ba ta ce mini komai ba, kuma ban ga laifinta ba. Abokiyar zamanta ce ta yi kuka.

An kai yarinyar Zariya ta hanyar Funtuwa, na ba da abin da zan iya na mota. A can aka yi mata gwajin da ake manna wayoyi a fatar kai ana karanta motsin ƙwaƙwalwa, kuma a cikin gwajin har da fitila mai ƙyaftawa da likita ke sarrafa saurinta a tsanake, yana kashewa da zarar ya ga alama. Sakamako ya nuna tana cikin masu jin haske. Likitan ya ce fitila ba ta sa mata cutar ba, tana ɗauke da ita, fitilar ta tayar ne. Wasu sun so in riƙe wannan magana in wanke kaina da ita. Ban ga wanka a ciki ba: da na yi lissafin biyu sau huɗu, da ba a gaban taron dangi za ta fara sanin ciwonta ba, da kuma na yi magana a daren, da an gajarta mata watannin da ta yi ana gudunta. An ɗora ta a kan magani, ta koma makaranta.

Ba na cikin masu raina addu'a, kuma ba na son a fahimce ni haka. Malamanmu sun san cewa Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki take, wadda likitoci ke magana a kanta. Ke nan tun ƙarnoni da suka wuce ba a ce kowace faɗuwa iska ba ce. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke yi wajen yanke hukunci, domin hukuncin nan kusan kullum a kan wata mace yake sauka, uwa ko kishiya ko ita yarinyar da za a ce gobe ba mai aurenta. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Abin da aka yi wa yarinyar a kan tabarma ma kuskure ne, ni kuma ban san daidai ba balle in hana. Ba a danne mai farfaɗiya, ba a sa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki. Ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori. A janye abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a duba agogo, idan fizgar ta lafa a kwantar da shi a gefensa. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa, ko wannan ne karo na farko, sai asibiti. Wanda kuma ya san haske yana damunsa ya tsinci kansa cikin walƙiya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya juya baya. Runtse idanu biyu ba ya wadatarwa, domin hasken yana ratsa fatar ido.

Na goge maɓallin. Duk wani kai-komo da ya shafi ƙarfin haske ko launi, yanzu ba ya wuce biyu a sakan a wurina, kuma kafin in ajiye shi sai na mayar da bugun minti zuwa na sakan a takarda. Siffa mai tsalle na bar ta sai a abu mai tafiya a hankali. Faɗi ba na bari ya sauka har 0, ina tsayar da shi wajen 80, domin kada gida ya riƙa faɗawa duhu tsakanin bugu da bugu. Tashar walƙiya da ke cikin kowace fitila na kulle ta. Masu juya kai na ɗaga da'irarsu sama da kawunan mutane, saboda hasken da ke sharar fuska yana wucewa yana dawowa shi ma walƙiya ne ga wanda ke zaune a wurin, ko da lambar ƙarfinsa ba ta motsa ba. Fitila ɗaya fara tana kunne a gefe daga farkon biki har ƙarshe, maɓallin gaggawa kuma yanzu farin haske yake kunnawa a ko'ina maimakon ya kashe. Tabarmar yara ni nake cewa a ja da ita baya kafin in kunna inji. Gwaji kuwa sai da dare, da dukkan fitilun, ina zaune a ƙasa inda yaro zai zauna.

Abin da ban zata ba shi ne aikin ya fi kyau. Da na rasa sauri sai na koma ga tazara, na gano cewa yawancin abin da ido ke so a can yake. Shuɗi ya taso daga hagu a hankali ya miƙa wa ruwan goro a dama, masu juya kai biyu su zana da'ira ɗaya suna bin juna da rabin zagaye, lallen amarya da ɗinkinta su fito a hoto maimakon su tsinke. Walƙiya ita ce abu mafi sauƙi da mai fitila zai yi, kuma a ganina mafi yawanmu muna sakinta ne a inda dabara ta ƙare mana. Samari har yanzu suna zuwa su tambaye ta. Ina gaya musu dalili, ba tare da na ambaci gidan ba. Wasu su gane, wasu su tafi wurin wani.

Inda na fi jin tsoro yanzu ba wurin masu kwamfuta ba ne. Ƙananan fitilun nan masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda ake ratayawa a shagon aski da wurin mai shayi da ɗakin amarya, yawancinsu suna da ɗan makirfo a ciki da shirin da ke tafiyar da kansa, suna jin kiɗa su kama walƙiya yadda suka ga dama, babu mai lissafa musu sauri. Har cikin nawa na sami irinsu: idan wayar DMX ta zare ana tsakiyar biki, wasu suna tsayawa a kan umarnin ƙarshe, wasu su mutu, wasu kuwa su koma wancan shirin na kansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zare waya ina ganin abin da kowace za ta yi. Waɗanda ke da wurin gyara wannan a cikin saitinsu na gyara. Biyu ba su da shi, sai na kwance bayansu na yanke wayar makirfon, na kuma naɗe mahaɗar wayoyinsu da salatif domin kada ƙafar mai rawa ta fizge ta.